Ba A Sarki Biyu A Gari Ɗaya: Yadda A Ke Sarrafa Zafi Da Sanyi A Cikin Gida

Duk wanda ya bi hanyar Gwarzo daga birnin Kano, ya wuce sabuwar harabar Jami'ar Bayero, ya nufi Rimin Gado, zai ga gidaje iri biyu suna kallon juna. Ga soraye na ƙasa waɗanda aka gina da tubali da azara, ga kuma ɗakunan bulo masu rufin kwano, waɗansu har da faifan sola a bisa. Rana ɗaya ke dukansu, amma zaman cikinsu ba ɗaya ba ne. A watan Afrilu zafi a ƙasar Kano ya kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. A Disamba da Janairu kuwa, sa'ad da hunturu ya kankama, ya kan sauko ƙasa da digiri 15 da asuba. Watau mai gida yana da abokan gaba biyu, kowanne da lokacin zuwansa.

Malami ko akawu da Allah ya ɗan buɗa masa ya kan tara kayan yaƙi da su: fanka a falo, iyakwandishan a turaka, batir da sola, janareta a bayan ɗaki, hita don hunturu, ga kuma kaskon wuta a ɗakin tsohuwa. Kayan sun wadata, amma kowanne harkar gabansa ya ke yi. Za a kunna iyakwandishan taga na buɗe, a bar fanka tana juyawa ɗaki ba kowa, batir ya ƙare tun kafin tsakar dare. Abin da ya ɓace shi ne shugaba guda wanda zai ce wa wannan tashi, ya ce wa wancan dakata.

Asalin Na'urar Daga Makarantar Horon Malamai Ne

Mu malamai ya kamata mu san labarin nan, gama a gidanmu aka haife shi. A garin Whitewater, cikin jihar Wisconsin ta Amurka, an yi wani malami a makarantar horon malamai, sunansa Warren Johnson. Ƙasarsu ƙasar sanyi ce, da wuta a ke ɗumama azuzuwa daga ƙarƙashin ginin. Mai kula da wutar ba shi da hanyar sanin halin da kowane aji ke ciki sai ya zaga da ƙafarsa, ya shiga ya katse darasi. Johnson ya ƙera na'ura wadda ke jin zafin aji, ta buga ƙararrawa a wurin mai wuta don ya ƙara ko ya rage. A 1883 ya yi mata rajista. A 1895 kuma ya fito da tsarin da ke sarrafa ɗakuna da yawa da kansa, kowane ɗaki da nasa awo.

Irin wannan na'ura ita Turawa ke kira tamostat, watau na'urar daidaita zafi. Aikinta uku ne: ta auna zafin ɗaki, ta gwada shi da adadin da mai gida ya zaɓa, sa'an nan ta kunna inji ko ta kashe. Ba baƙuwa ba ce gare mu. Ita ce ke sa firji ya yi ta gurnani sa'an nan ya yi shiru, ita ce kuma ke ɗauke wutar dutsen guga in ya yi zafi.

A 2011 wani kamfani mai suna Nest, wanda Tony Fadell da Matt Rogers suka kafa, ya fito da sabon samfuri mai wayo. Wannan tana haɗe da intanet, tana lura da lokutan da mutanen gida ke ƙara zafi ko ragewa har ta koyi al'adarsu, tana kuma gane in gida ba kowa. Kamfanin Google ya sayi Nest a 2014 a kan dala biliyan 3.2.

Ƙa'idodi Uku

In gida yana da injin ɗumamawa da na sanyayawa da yawa, masana sun tsaya a kan ƙa'idodi uku. Ta fari, kada injuna biyu su yi faɗa da juna. A kan bar tazara tsakaninsu: misali na ɗumamawa ba zai tashi ba sai zafi ya sauko ƙasa da digiri 20, na sanyayawa kuma sai ya haura 25. In babu tazarar nan, wannan na zuba zafi, wancan na kwashewa, mai gida na biyan kuɗin duka biyun. Ta biyu, a raba gida sashe sashe, a yi wa ɗakin da a ke zaune cikinsa hidima, a ƙyale wanda ba kowa. Ta uku, a fara da mai araha, kada a ta da mai tsada sai mai araha ya gaza.

Amma a yi hattara kafin a zuba kuɗi. Yawancin waɗannan na'urori an yi su ne don gidajen Amurka, inda inji guda ke aika iska ta bututu zuwa kowane ɗaki. Irin iyakwandishan ɗin da ke kasuwanninmu, mai maƙalewa a bango, da rimot ya ke aiki, don haka sai da wata ƙaramar na'ura dabam mai kwaikwayon rimot, irin su Sensibo ko Tado. Ita ma tana bukatar wuta da intanet marasa yankewa. Wanda ya daka ta wani ya kan rasa turmin daka tasa. Na'urar ba tilas ba ce a Rimin Gado, ƙa'idodin nan uku kuwa ko'ina suna aiki.

Tsarin Da Ya Dace Da Gidanmu

Mai araha na farko shi ne ginin kansa. Bangon ƙasa mai kauri ya kan shanye zafin rana a hankali, ba ya sakinsa cikin ɗaki sai bayan sa'o'i da yawa. Shi ya sa soro ke da sanyi da azahar, ya kuma yi ɗumi da dare, abin so a hunturu, abin gudu a bazara, har mutane su fito tsakar gida su kwana. Kwano kuwa nan da nan ya ke ɗaukar zafi, nan da nan ya huce. Wanda ke da ɗakin kwano, silin da inuwar darbejiya ta yamma da ɗakin su ne abin da zai fara nema kafin kowane inji.

Na biyu taga. A bazara a buɗe tagogi da dare har zuwa hantsi don sanyin asuba ya shiga bango, a rufe su kafin rana ta take. A hunturu a juya: a bar rana ta shiga da hantsi, a rufe tun kafin magariba.

Na uku ruwa. Iskar bazara busasshiya ce, in ta ratsa jiƙaƙƙen buhu a taga sai ta yi sanyi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Da wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba, malami a jihar Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. In damina ta sauka, iska ta yi laima, dabarar ba ta da ƙarfi sosai.

Na huɗu fanka, na biyar kuma, can ƙarshe, iyakwandishan. Ga lissafin da ya sa aka jera su haka. Fankar sama tana cin wajen wat 70, iyakwandishan mai ƙarfin doki ɗaya kuwa wajen wat 800 zuwa 900, watau abincin fanka fiye da 10. Batir mai bolt 12 da amfiya 200, irin na dalma, rabin abin da ke cikinsa a ke so a sha don ya yi ƙarko. Wannan rabin zai riƙe fanka ɗaya wajen awa 15, amma ba zai riƙe iyakwandishan awa 2 ba. Saboda haka mai sola ya sanyaya ɗaki da rana sa'ad da faifan ke ba da wuta, ya bar wa fanka batir da dare.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a sa iyakwandishan a kan digiri 27 a haɗa da fanka, jiki zai ji kamar an rage digiri 4. Ta kuma yi gargaɗi cewa in zafin ɗaki ya wuce digiri 40, fanka ita kaɗai ƙara wa jiki zafi ta ke yi. Ƙasar Indiya tun daga Janairun 2020 ta wajabta sabon iyakwandishan ya fito daga masana'anta a kan digiri 24. Masu danna rimot zuwa 16 su sani ba su ƙara wa injin ƙarfi ba, hutu kawai suka hana shi.

Haɗarin Hunturu

A nan maganar ta wuce ta kuɗi, ta zama ta rai. Gawayi in yana ci a ɗaki rufaffe yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Mai barci ba ya jin shigarta. Haka hayaƙin janareta. A ɗumama ɗaki da kasko tun da sauran ido biyu, a fitar da shi kafin a kwanta, janareta kuwa ya zauna a fili nesa da taga. Hita ta lantarki tana cin wat 1,000 zuwa 2,000, in aka ɗora ta a kan siririyar waya gobara a ke gayyata. Bargo da rigar sanyi ga yara da tsofaffi su ne mai araha na farko a wannan lokaci.

Aiki Ga Malamai

Johnson da awo ya fara, mu ma da shi za mu fara. Kowane hedimasta ya nemi ma'aunin zafi guda uku, ya rataya ɗaya a ajin kwano, ɗaya a soro ko ajin da ke da silin, ɗaya a gindin itace. Yara su riƙa rubuta abin da suka gani da ƙarfe 8, da ƙarfe 12, da ƙarfe 2, har wata guda. An sami darasin lissafi da na kimiyya ke nan, an kuma sami hujjar da za a kai gaban Ƙaramar Hukuma ranar da a ke neman silin ko dashen itatuwa. Akawun da takardar za ta bi ta hannunsa zai fi saurin sauraron adadi bisa ga kuka, gama gani ya kori ji.

A gida kuma a ɗora wa mutum ɗaya alhakin taga da fanka da batir da kasko, ya san lokacin kowanne. Wanda ya sami halin sayen na'ura mai wayo daga baya, zai tarar ya riga ya san abin da zai umurce ta. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.