Ƙungiyoyin karɓar kuɗin haƙƙin waƙa da waƙoƙi masu buɗaɗɗen lasisi

Ƙungiyar karɓar kuɗin haƙƙin waƙa ƙungiya ce da marubuta waƙa da masu tsara kiɗa ke ba wa wakilci, ta karɓar musu kuɗi daga gidajen rediyo, talabijin, otal-otal, shaguna da sauran wuraren da ake kunna waƙoƙinsu a bainar jama'a. Waƙa mai buɗaɗɗen lasisi kuwa ita ce wadda mai ita ya yarje wa kowa ya saurara, ya kwafa, ya yaɗa, bisa sharuɗɗan da ya gindaya. Tsare-tsaren biyu sukan ci karo, musamman ga mawaƙa masu zaman kansu.

Tarihi

A shekarar 1847 wani marubucin waƙa mai suna Ernest Bourget ya kai ƙarar wani gidan shaƙatawa a birnin Paris saboda ana rera waƙoƙinsa ba tare da an biya shi ba, kuma kotu ta ba shi gaskiya. Wannan ya share fagen kafa ƙungiyar SACEM a Faransa a 1851. An kafa ASCAP a Amurka da PRS a Ingila a 1914, sai BMI a 1939. A Najeriya akwai MCSN, a Nijar kuma BNDA.

Yadda suke aiki

Mai gidan rediyo ba zai iya bin kowane mawaƙi yana neman izini ba. Don haka yakan biya kuɗin lasisi guda da ya ƙunshi dukkan waƙoƙin da ke hannun ƙungiyar. Ƙungiyar takan cire kuɗin gudanarwa, ta raba sauran gwargwadon yawan kunna kowace waƙa.

Tushen saɓani

Ƙungiyar Creative Commons ta fitar da lasisinta na farko a watan Disamba 2002, abin da ya ba mawaƙa damar sakin waƙoƙinsu kyauta a intanet, a shafuka irin su Jamendo. Sai dai a ƙasashen Turai da dama, mamba kan miƙa wa ƙungiyarsa ikon waƙoƙinsa dungurungum, har da waɗanda zai yi nan gaba. Saboda haka a da ba shi da sauran ikon bayar da su kyauta. Mawaƙin da ya ƙi shiga kuwa, ya yi asarar kuɗin rediyo da talabijin. A Amurka lamarin ya bambanta, domin mambobin ASCAP da BMI suna da damar bayar da izini kai tsaye.

Matsalar ta shafi masu kunna waƙa ma. A Jamus, kotuna suna ɗaukar cewa duk waƙar nishaɗi da aka kunna a bainar jama'a tana ƙarƙashin ƙungiyar GEMA, sai mai wurin ya kawo hujjar akasin haka. A Sifaniya kuma, wata kotu a garin Badajoz ta yi watsi da ƙarar da ƙungiyar SGAE ta shigar kan wata mashaya a 2006, bayan mai wurin ya nuna cewa waƙoƙi masu buɗaɗɗen lasisi yake kunnawa.

Yunƙurin sasantawa

Ƙungiyar Buma/Stemra ta ƙasar Holan ta fara gwajin barin mambobinta su yi amfani da lasisin Creative Commons a 2007, KODA ta Denmak ta biyo baya a 2008, sai SACEM a 2012. A 2014 Tarayyar Turai ta zartar da dokar da ta ba kowane mamba damar bayar da izinin amfani da aikinsa idan ba don kasuwanci ba ne. Har yanzu ana taƙaddama kan abin da za a kira kasuwanci, misali shafin intanet da ke bayar da waƙa kyauta amma yake ɗauke da talla.