Gidan Madaki: Gadon Gida, Gadon Ƙasa

A garin Kafin Madaki, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Ganjuwa a Jihar Bauchi, akwai wani tsohon gida da ake kira Gidan Madaki. An gina wa Madakin Bauchi shi wajen shekarar 1860. Magininsa kuwa shi ne Muhammadu Durugu, wato Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya.

Abin da ya ɗaukaka gidan nan shi ne gwanintar rufinsa. Babu ƙarfe, babu siminti. Da tubali aka ta da bango, sannan aka ɗora azarar giginya bisa juna, aka lulluɓe ta da ƙasa, har ta zama bakan gizo mai ɗauke da nauyin soro. An zaɓi azara ne saboda gara ba ta cin ta.

A shekarar 1956 gwamnati ta sanya gidan cikin jerin gine-ginen tarihi na ƙasa. Tun 1979 kula da irin waɗannan wurare yana hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda hedkwatarta take Abuja. Doka ta hana rushe su ko canza siffarsu ba tare da izinin hukumar ba.

Amma doka ba ta tare ruwan sama. Ginin ƙasa sai da yaɓe da gyaran indararo kafin damina. Saboda haka ana roƙon magada da sarakuna su sanar da hukuma da zarar bango ya tsage, domin abin da ya rushe ba ya komawa yadda yake.