Me Ke Sa a Yi wa Saƙon Imel Mummunar Fahimta?

A ɗauka wani malamin sakandare a Kebbe ya aika wa abokin aikinsa na Tambuwal da sakamakon jarrabawa ta imel, kwana biyu bayan cikar wa'adi. Amsa ta dawo da kalmomi biyu rak: "Ka kyauta." Shin godiya ce ko gatse? Da a baki aka faɗa, da nan take ya gane. Amma a rubuce, yana iya kwana da ɓacin rai a kan maganar da aka yi da zuciya ɗaya.

Dalili na farko yana cikin halittar ɗan Adam. Magana ba kalmomi kaɗai ba ce. Idan mutum ya fusata, numfashinsa kan ƙaru, naman maƙogwaro ya ɗaure, murya ta ɗaga. Idan yana cikin baƙin ciki, sai murya ta yi ƙasa, magana ta yi sanyi. Ƙwaƙwalwar mai sauraro tana karanta waɗannan alamomi tare da yanayin fuska, shi ya sa Hausawa ke cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Ga mafi yawan mutane, ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke kula da kalmomi, ɓangaren dama kuwa yana da babban rabo wajen gane yanayin murya. A shekarar 1981 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Elliott Ross, ya yi bayanin majinyatan da suka sami lahani a ɓangaren dama: wasunsu suna jin kowace kalma, amma ba sa bambance muryar fushi da ta murna. Imel yakan jefa lafiyayyen mai karatu cikin irin wannan hali, domin kalmomi sun iso, murya da fuska sun tsaya a gida.

Rubutun Hausa na boko ya ƙara wa abin nauyi, tun da ba a nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Kuka" na iya zama itaciya ko zubar da hawaye, "gari" na iya zama wurin zama ko abin tuwo. Mai karatu ne ke sa wa kalma muryarta.

Dalili na biyu shi ne marubuci yana jin muryarsa a cikin kansa, sai ya zaci mai karatu ma yana jin ta. A shekarar 1990 Elizabeth Newton ta Jami'ar Stanford ta sa mutane su ƙwanƙwasa sanannun waƙoƙi a kan tebur. Sun yi tsammanin za a gane rabin waƙoƙin, amma 3 kawai aka gane cikin 120. A shekarar 2005 kuma, Justin Kruger da Nicholas Epley da abokan aikinsu suka gwada wannan a kan imel. Masu aikawa sun zaci za a bambance gatse da maganar gaske wajen kashi 78 cikin 100. Waɗanda suka karanta saƙon sun dace a kashi 56 ne kawai, wato kaɗan ya fi canki-canki, alhali waɗanda suka ji shi da murya sun dace a kashi 73.

Matsalar ta daɗe. A ranar 19 ga Satumba 1982 Scott Fahlman na Jami'ar Carnegie Mellon ya ba da shawarar a riƙa sa alamar :-) a ƙarshen maganar wasa, bayan da wasu suka ɗauki raha da gaske. Magabata ma sun yi nasu dabarar: wasiƙa takan fara da doguwar gaisuwa, ɗan aike kuma ya isar da ita da bakinsa.

Saboda haka, ya kamata ɗalibi ko malami ya buɗe saƙonsa da gaisuwa, ya guji gatse, ya faɗi abin da ke ransa ƙarara. Kafin ya aika, ya karanta saƙon da muryar mai fushi. In ya ji ya yi kaushi, ya gyara. Wanda ya karɓi saƙo mai zafi kuwa, ya kyautata zato, ya buga waya kafin ya mayar da martani. Minti ɗaya na jin murya daga Kebbe zuwa Tambuwal ya fi sauƙi a kan gyaran zumuncin da rubutu ya ɓata.