Lifidi da kibiya mai dafi: Inda dokokin Dungeons & Dragons suka saɓa da tarihin yaƙin Maraɗi

A jerin kayan yaƙi na wasan Dungeons & Dragons, rigar kariya mafi arha ita ce wadda aka ɗinka da ƙyalle aka cusa mata auduga. Kuɗinta sulalla 5 na zinari a lissafin wasan, kuma babu rigar da ta fi ta rauni. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah a ƙasar Hausa ya san wannan riga. Lifidi ne, wanda a zamanin yaƙe-yaƙen Maraɗi da Tibiri ba kowane mahayi ke samunsa ba, sai wanda sarki ya amince da shi.

Wasan bai kama ƙafar karta da ludo ba a fadodin samarin unguwar Zariya ta Maraɗi. Amma duk matashin da ya taɓa buga wasan waya ko na kwamfuta inda jarumi ke hawa mataki-mataki yana sauya takobi da wanda ya fi shi, to da jikokin dokokinsa yake wasa. Baldur's Gate 3, wanda ya fito a 2023, a kan waɗannan dokoki aka gina shi kai tsaye. 'Yan Nijar da ke karatu a Faransa kuwa suna jin sunansa da Donjons et Dragons.

Tsarinsa kamar tatsuniya ne, sai dai masu sauraro su ne jaruman. Mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya riƙe jarumi guda ya faɗi abin da zai yi. Idan aka zo ga sara ko harbi, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo ta raba gardama, amma a nan akwai mai fuska 4, da 6, da 8, da 10, da 12, da kuma 20.

Yadda ake auna makami

Lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a Amurka a 1974, babu bambanci tsakanin makamai. Wuƙa da gatari da takobi duk ƙwaya mai fuska 6 ake jefa musu don sanin girman rauni. Ƙarin littafin Greyhawk na 1975 ne ya ba kowane makami nasa ƙarfin, kuma tun daga nan gardama ba ta ƙare ba.

A bugu na biyar, na 2014, wuƙa tana da ƙwaya mai fuska 4, mashi mai fuska 6, dogon takobi mai fuska 8. Babban gatari yana da mai fuska 12, babban takobi kuma ƙwaya biyu masu fuska 6. Matsakaicin raunin gatarin 6.5 ne, na takobin 7. Sai dai mai gatari yana samun 12 cif sau ɗaya a jifa 12, mai takobi kuwa sau ɗaya a jifa 36. Ɗaya na mai son caca ne, ɗaya na mai son tabbas. Abin da masu tsara wasa ke kira daidaito ke nan: kada a samu makamin da ya fi sauran ta kowace fuska, har kowa ya ruga gare shi.

Ba kullum suke dacewa ba. Mashi mai baki uku na bugun 2014 raunin da yake yi daidai yake da na mashi na gama-gari, amma ya ninka shi kuɗi sau biyar, ya fi shi nauyi, kuma sai ƙwararre ke iya riƙe shi. Shekara goma ya yi a jerin ba mai dalilin saye, kafin bugun 2024 ya ƙara masa ƙarfi.

Sai batun ƙwarewa. Kafin sara ya kama, ɗan wasa yana jefa ƙwaya mai fuska 20, ya haɗa da makin ƙarfinsa, a gwada da makin kariyar abokin gaba. Wanda ya iya makamin ana ƙara masa maki 2 tun farko, har ya kai 6 idan ya manyanta. Jarumi mai makin ƙarfi 3 da ya iya takobi zai samu mai sanye da sulke, wanda makinsa 16 ne, a rabin saran da ya kai. Idan bai iya ba, abin ya sauka zuwa kashi 40 cikin 100. Mai lifidi kuwa, da makinsa 11, wannan jarumin zai same shi sau uku cikin huɗu. Dokar 1978 ta fi tsanani: mayaƙi ya fara da makamai huɗu da ya iya, matsafi da ɗaya tak, kuma idan matsafin ya ɗauki abin da bai iya ba a cire masa maki 5.

Abin da Tafkin Kwato ya nuna

Wannan jeri an ɗauko shi ne daga Turai ta zamanin da, inda sulken ƙarfe ya zama ma'auni. A ƙasar Hausa lissafin daban ne. Tarihin Kano ya danganta shigo da lifidi da kwalkwali da sulke ga Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410. Lifidi ya daɗe haka ne domin an yi shi ne saboda makami guda: kibiya mai dafi. Kibiyar maharban Hausa mara nauyi ce, ba ta ma da gashi a gindi, kuma ba ƙarfin shigarta ke kisa ba. Dafin da ake haɗawa da kwankwani shi ne aikin, ƙwarzane kaɗan ya isa. Auduga mai kauri da ta rufe doki da mahayi tana riƙe bakin kibiyar kafin ya taɓa fata.

A littafin wasan kuwa kwalbar dafi sulalla 100 ce, ta isa kibau uku kawai, tana bushewa bayan minti ɗaya, kuma raunin da take ƙarawa bai wuce na wuƙa ba. Ƙaramin baka sulalla 25 ne, ya fi dogon takobi mai 15 tsada. Abin ya juye gaba ɗaya: makamin talaka ya koma na mai kuɗi, rigar fadawan sarki ta koma ta matsiyaci.

A watan Yunin 1804 Sarkin Gobir Yunfa ya fito da dawakai, cikinsu har da 'yan lifidi, da kuma Abzinawa masu taimaka masa. Jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a ƙarƙashin ƙaninsa Abdullahi, dawakansu ba su wuce ashirin ba, mafi yawansu 'yan baka ne a ƙasa. Da a tebur aka jefa ƙwaya, da Yunfa ne zai ci. A Tafkin Kwato 'yan baka suka tsaya ba su watse ba, rundunar Gobir ta karye. Kafin shekarar ta ƙare, a Tsuntsuwa, Gobirawa da Abzinawa suka yi wa jama'ar Shehu mummunar ɓarna. Makaman ba su canza ba tsakanin yaƙin farko da na biyu. Wuri ne ya canza, da shiri, da wanda ya riski wani.

Daga wannan guguwa Maraɗi da Tibiri suka samu matsayinsu. Sarakunan Katsina da aka kora suka kafa mulki a Maraɗi a zamanin Ɗan Kasawa. Alƙalawa ta faɗi a 1808, kuma bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda suka rasu a hannun rundunar Muhammadu Bello, Mayaƙi ya zauna da Gobirawa a Tibiri. Garuruwan biyu ba su kai daular Sakkwato yawan mutane ba, amma ta kasa haɗiye su. Ɗan Baskore ya shafe shekaru yana kai hari cikin ƙasar Katsina yana komawa gida. Irin wannan hari na sauri ba aikin ɗan lifidi ba ne, wanda sai an taimaka masa ya hau, dokinsa na saurin gajiya, kuma wuta na iya kama audugarsa. Aikin barade ne marasa nauyi, masu mashi da takobi da garkuwar walwaji.

Idan za a rubuta na gida

A Janairun 2023 kamfanin Wizards of the Coast ya saki ginshiƙin dokokin bugu na biyar a ƙarƙashin lasisin Creative Commons. Kowa na iya ɗaukar su ya gina nasa wasan, ya ma sayar, muddin ya ambaci tushe. An taɓa gwada kafa irin wannan wasa a kan Afirka, kamar Nyambe na 2002, amma ƙasar ƙirƙira ce da ta tattaro al'adun nahiyar wuri guda. Kwarin Gulbin Maraɗi, daga Jiratawa zuwa Tibiri, yana da isasshen labarin kansa.

Kuskuren da ya fi sauƙin yi shi ne sauya suna kawai: a kira dogon takobi kansakali, a kira mashin ƙarfe asigiri, a bar lambobin yadda suke. Hakan zai haifar da Bature ne sanye da rawani. Gyaran na gaskiya yana cikin lambobin. Lifidi ya kamata ya zama mai tsada, makinsa ya hau idan kibiya ce ta zo, ya sauka idan gatari ne ko wuta. Dokar 1978 tana da jadawali irin wannan, wanda ke gwada kowane makami da kowace riga. 'Yan wasa da yawa sun yi watsi da shi saboda yana jan lokaci, amma a nan layi uku ko huɗu sun wadatar.

Ƙwarewa ma tana bukatar wani gini. A wasan, matakin jarumi ne ke ba shi maki, kuma mayaƙi ya iya kowane makami tun ranar farko. A Maraɗi ta da, hannun mutum yana bin gidan da ya taso. Maharbi ya gaji baka da sanin dafi, ɗan fada ya tashi a bayan doki, Kaura kuma shi ke jan runduna. Maki 2 bai isa ya nuna tazarar da ke tsakanin wanda ya yi shekara goma yana harbi a daji da manomin da aka miƙa wa baka jiya ba. Sannan ga lokaci: da rani ake fita yaƙi, domin da damina fadama tana riƙe kofato, danshi yana sassauta tsarkiya, mutane kuma suna gona.

Dafi ne ƙullin da ya fi wuyar kwancewa. Idan aka rubuta shi yadda yake a zahiri, jarumin da ɗan wasa ya yi wata uku yana renonsa zai iya mutuwa da jifa ɗaya, kuma ba mai dawowa tebur gobe. Idan aka bar shi yadda littafin ya bari, lifidi ba shi da dalilin wanzuwa. Masu dambe sun san irin wannan ciniki: hannun da aka naɗe sunansa mashi, ɗayan garkuwa, amma a filayen yau an hana akayau a ƙafa, domin ɗan wasa ya samu damar dawowa mako mai zuwa. A tebur, hanya mafi kusa ita ce a bar kibiyar da ƙaramar ƙwayarta, dafin kuma ya riƙa cin jarumi kaɗan-kaɗan a kowane zagaye, sai abokansa sun kai shi ga mai makari ko sun fitar da shi daga fili. Da wannan doka guda, maharbi mai sulalla biyar a aljihu zai zama abin tsoro ga barde, barden kuma zai fara lissafin kuɗin lifidi.