Katakon Amalanke: A Sayo Yankakke Ko A Sa Kafinta Ya Yi?

Yau mun ɗan ajiye farashin gero da wake, za mu yi magana a kan abin da ke ɗauko su zuwa kasuwa, watau amalanken shanu, da katakon da aka shimfiɗa a bayansa.

Kun sani tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya hau, amalanke kuwa ya dawo da darajarsa. Kowace Lahadi tun da asuba za ka gan su jere, wasu daga wajen Koza, wasu daga ƙauyukan Zango da Sandamu, wasu ta Kongolam. Buhun gero tiya 40 ne, kimanin kilo 100. Amalanke mai shanu biyu, in hanya ta yi kyau, yakan ɗauki buhu 8 zuwa 10, kusan tan guda ke nan. Duk wannan nauyi a kan katako yake zaune, wanda kaurinsa bai fi inci ɗaya ba. To, ranar da ya ruɓe ko ya karye, sai mai shi ya tsaya yana shawara: ya sayo yankakke ya ɗaura, ko ya nemo icce ya sa kafinta ya yi masa?

Mu dai mun ɗanɗana ta farko. A wata kaka shimfiɗar amalankenmu ta mutu, aiki kuwa ya yi yawa, muka sayo yankakke a wata kasuwa, an goge shi, an shafe shi da shuɗin fenti, gwanin kyau. Kafin hunturu ya fita sai ga rata tsakanin katako da katako, yatsa na shiga, noti duk sun saki. Ran wata Lahadi taya ta faɗa kwari, guda ya karye daidai gurbin reshe, wanda fenti ya ɓoye mana. Buhu biyu suka sulluɓe, ɗaya ya kama bakin ƙarfe ya yage, gero ya gauraye da rairayi. Ba mu shiga kasuwa ba sai bayan azahar, masu manyan motoci sun gama awo sun ɗaure kaya. Muka yi asarar kusan rabin buhu, sauran kuma ya kwana mako guda a shago. Ba mu da bakin kuka, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Amma kada mu zalunci yankakke, yana da ranarsa. Ka saya da safe, ka ɗaura da hantsi, ka yi lodi da yamma. Ga wanda amalankensa ya tsaya tsakiyar kaka, wannan saurin kuɗi ne. Aibinsa uku ne. Na farko, fenti na rufe maka irin iccen da gurbin reshe da tsaga. Na biyu, ba a yanka shi da awon amalankenka ba, kowane mai walda kuwa da nasa awo, sai ramin noti ya faɗa gefen ƙarfe, a sake huda wani, katako ya yi rauni tun bai ɗauki kaya ba. Na uku, wanda ya fi duka, yawancinsa ɗanye ne.

Ga dalilin da ya sa ɗanye ke cutarmu. Mafi yawan katakon da ke zuwa mana daga Kudu yake fitowa, daga dazuzzukan Ondo da Edo da Kuros Riba, a sauke shi a 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, daga nan ya biyo hanyar Daura. Can ƙasar laima ce, nan kuwa iskar hunturu ko leɓen mutum ba ta bari. Icce in yana bushewa, tsawonsa kusan ba ya raguwa, faɗinsa da kaurinsa ke ƙanƙancewa. Shi ya sa rata ke buɗewa, noti ya saki, bakin katako ya tsage. In kana so ka gane ɗanye, ɗaga shi ka ji nauyi, taɓa shi ka ji sanyi, ka ƙwanƙwasa da ƙarfe. Busasshe na amsawa da ƙara, ɗanye sai ka ji dum. In an sa masa zarto kuma, garin ɗanye dunƙulewa yake yi.

Hanya ta biyu ita ce mutum ya yi nasa daga iccen gida. A nan sai an san icce. Darbejiya, wadda wasu ke ce wa dogon yaro ko bedi, baƙuwa ce daga Indiya, zamanin Turawa aka kawo ta, ta kuwa karɓi ƙasarmu. Jan cikinta na da ƙarfi, gara ba ta cika son sa ba, amma farin gefenta ba ya jimiri. Maɗaci ya fi ta kyau, sai dai babba ya yi wuyar samu. Ƙirya ƙarfe ce, da ita ake turmi, amma nauyinta ya yi wa shanu yawa in aka shimfiɗe amalanke duka da ita. Azarar giginya ta san aikin rufin soro, a amalanke kuwa tsagewa take yi in an huda, tsinkenta kuma na yaga buhu. Aduwa, wadda garin nan ke ɗauke da sunanta, tana ba da allo da ƙota masu kyau, amma gangar jikinta ba ta ba da dogon katako miƙaƙƙe.

Gawo kuwa a ƙyale shi. Iccensa taushi gare shi, ƙwaro na huda shi, amfaninsa a tsaye yake: da damina ya zubar da ganye, gero ya yi kyau a gindinsa, da rani dabbobi su ci 'ya'yansa. Tun ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimu ya hana sare shi, da hukunci mai tsanani. Wanda ya bi hanyar Matameye da Magarya zai ga yadda gawo ya cika gonaki, saboda tun shekarun 1980 manoman can suka riƙa barin tohon da ya fito. Mu da hatsi ne abin sana'armu, bai kamata mu sare abin da ke ƙara shi ba.

Ko darbejiyar ma, ba a sarewa haka nan. Sai ka nemi izinin malaman gandun daji na ƙaramar hukuma, ko da a gonarka take. Sa'an nan ka biya mai injin yanka, shi kuwa injin hannu yana cinye icce da yawa, kauri kuma ba ya fitowa daidai, sai an kai an goge. Bayan wannan ga jira. A jera katakon a inuwa, a ɗaga shi daga ƙasa, a sa ƙananan sanduna tsakanin kowane biyu don iska ta ratsa, a danne sama da nauyi kada ya tanƙware, a shafe bakunansa da fenti kada su tsage. Mai kaurin inci ɗaya, a ganinmu, a ba shi rani guda cur. Saboda haka wannan hanya ta mai icce ce da mai haƙuri. Wanda ba shi da bishiyar kansa, in ya haɗa kuɗin icce da izini da inji da dako, sau da yawa bai tsira da kome ba.

Abin da muka zauna a kai yanzu shi ne tsakiyar biyun. Mu sayi katako tsirara, ba fenti, mu zaɓa da idonmu, mu busar a gida, kafinta ya zo ya yanka a jikin amalanke. Farin katako mara nauyi, irin obeche, a bar wa masu silin da akwati. Melina na tsaka-tsaki ne. Iroko ko maɗaci su ne na aiki, in aljihu ya kai. Ka je da tef ɗinka, domin abin da ake ce wa inci 12 sau da yawa bai cika ba. Tsawon katakon kasuwa ƙafa 12 ne. In bayan amalankenka ƙafa 6 ne, kowane guda zai ba ka biyu, uku su ba ka shida, sun ishi faɗin ƙafa 5 ko da ba su cika awo ba. In ƙafa 7 ne, guda ɗaya za ka samu, ragowar ƙafa 5 ta tafi gaba da baya. Wanda zai ba da aikin sabon amalanke ya tuna da wannan tun wajen mai walda.

Ga lissafi, da tiya muka yi shi don naira ba ta zama wuri guda. Misali ne, kowa ya sa farashin ranar da ya je. Mu ƙaddara yankakke ya ci kuɗin tiya 30, ya yi damina biyu. Mai tauri ya ci tiya 50, noti da ladan kafinta tiya 10, jimla 60, ya yi damina shida. Cikin shekara shida na farko sau uku za a saye shi, tiya 90 ke nan. Rata tiya 30, kashi uku cikin huɗu na buhu, ban da ranar kasuwar da ta kuɓuce, ban da san da ya ji ciwo in kaya suka rinjaya.

Wajen ɗaurawa, ku lura da waɗannan. Katako ya gitta ƙarafan da ke ƙarƙashi, kowane bakinsa ya zauna a kan ƙarfe. A sa noti mai zagayen kai da washa, kada a buga ƙusa, ita ce ke tasowa ta yaga buhu. A fara huda rami, kada ya matsa kusa da baki. Gurbin reshe kada ya faɗa tsakanin ƙarfe biyu inda ba madogara. Baƙin mai na hana gara da ruwa, amma a shafa shi ta ƙasa da bakuna kawai, domin in ya taɓa buhu warinsa na shiga hatsi, dillali ma ya san mai saye ba zai ɗauka ba. Bayan an kwashe taki a wanke, a bar shi ya sha iska. Da damina a jingine amalanke yadda ruwa ba zai kwanta a kai ba. Bayan wata guda da ɗaurawa a sake ɗaure noti.

To, jama'a, ba a fafe gora ranar tafiya. Kowa ya kifa amalankensa yanzu ya soka wuƙa a gindin kowane noti. Inda ta shige da sauƙi, wannan katakon ba zai kai kaka ba, a sayi madadinsa da rani a jera shi a inuwa. Wanda nasa ya karye tsakiyar aiki ya sayi yankakke guda ya toshe, amma ya kankare fentin ya ga abin da ya saya. Muna kuma roƙon duk ɗan'uwan da ya je Na'ibawa ko Daura cikin makon nan ya kawo mana farashin iroko da melina da farin katako, mu sa a fitowa ta gaba.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka. Haza wassalam.