Wa Zai Karɓi Haihuwa a Abakpa Nan da Shekara Goma?

Ka taɓa raka yayarka awo daga Abakpa? To ka san zancen: tun ƙarfe bakwai benci ya cika da mata, ungozoma ɗaya na ta fama. Kafin ka hau Facebook ka zage ta, tsaya ka ji lissafin.

A Fabrairun 2024, hukumar da ke kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya ta ce ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, da yawansu zuwa Ingila. Manyan da suka rage kuma ritaya na jiransu. Haihuwa kuwa ba ta jira kowa ba. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa cikin kowace mace huɗu da ke rasuwa a dalilin ciki ko haihuwa a duniya, aƙalla ɗaya 'yar Najeriya ce.

A 2024, Gwamnatin Tarayya ta sanar da ƙara gurbin ɗaliban jinya daga 28,000 zuwa 64,000. Madalla. Amma horarwa daban, ɗauka aiki daban. Idan aka yaye ɗalibai a Kafanchan, Tudun Wada da Pambegua ba tare da aiki da albashin kirki ba, wallahi Ingila muka yi wa noma.

Ke mai kiredit a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, nemi gurbi. Unguwarku na buƙatarki. Kai kuma mai data, tambayi ɗan majalisarka: ungozoma nawa za su yi ritaya bana a Kaduna ta Arewa, nawa za a ɗauka?