Cefanen Zama Nas

'Yar yayata da ke Hayin Dogo a Samaru ta zo mini da sakamakon jarrabawarta a cikin leda, ta ce, "Kawu, nas nake so in zama." Na warware takardar na duba, na ce ta jawo tabarma mu fara daga bakin murhu.

Ai karatun jinya miya ce mai kayan haɗi biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fizis. Kowanne sai da kiredit, a WAEC ko NECO, kuma a zama bai wuce biyu ba. Wato an yarda mai cefane ta je kasuwa sau biyu. In ta manto daddawa a zuwan farko, ta koma ta sayo. Zuwa na uku kuwa ba a karɓa. Ita yarinyar nan huɗu ta kawo masu kyau, Fizis ce daddawar da ta manto. Abin da ya fi damuna shi ne yaran da tun a aji huɗu na sakandare aka tura su ajin adabi ko na kasuwanci, babu wanda ya tambaye su me suke so su zama. Wanda ya shuka gero ba ya zuwa gona da buhun shinkafa.

In cefane ya cika, sai a zo Kwangila, inda hanya ke rabuwa. Mota ta farko ta Samaru ce, Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962. Digirin jinya a nan shekara 5 ne, ana shiga ta JAMB da Turanci da darussan kimiyyar nan uku, a gama a yi shekara guda ta horo a asibiti, sannan bautar ƙasa. Sai dai motar nan kamar bas ce ranar Litinin da safe: fasinja sun yi dafifi, kujeru kaɗan, mai maki mai ƙarfi ne ke samun wurin zama. Wanda ta bari a tasha yana iya bi ta makarantar share fage ta jami'ar da ke Funtuwa, ko ta jarrabawar IJMB.

Mota ta biyu ita ce makarantun koyon jinya, irin ta Asibitin Koyarwa na jami'ar da ke Tudun Wada, da ta asibitin St. Luke a Wusasa. A da shekara 3 ake yi a fito da shaidar nas. Yanzu makarantu da yawa sun koma kwaleji, difloma shekara biyu, babbar difloma shekara biyu, su ma ta JAMB. Kada kowa ya raina wannan mota. Wanda ya fito daga cikinta da shaidarsa yana iya shiga jami'a daga aji biyu, kamar fasinjan da ya hau a hanya, bai faro daga tasha ba amma tare za a sauka.

Shiga makarantar ma ba ita ce ƙarshen zance ba. Watannin farko tankaɗe ake yi. A zuba kowa a rariya, a kaɗa da jarrabawa, gari ya wuce, tsaki ya tsaya. Wanda ya ɗauka farin kaya kawai zai je sawa, a nan yake sauka.

Sai maganar da nake so iyaye su riƙe da hannu biyu. Duk mai sayen atamfa a kasuwar Sabon Gari ya san ta gaske da jabu kan yi kama a kan tebur, ranar wanki ake gane su. Makarantu ma haka suke. Lasisin aiki Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ce kaɗai ke ba da shi, bayan an ci jarrabawarta, kuma ɗaliban makarantun da ta amince da su ne kawai ke zaman jarrabawar. Na san gidan da aka sayar da tumaki aka biya kuɗin wata makaranta mai ƙaton allo a bakin titi, yarinya ta yi shekaru, ta fito da takardar da ba asibitin gwamnatin da zai karɓa. Kafin a biya ko sisi, a nemi sunan makarantar a jerin hukumar.

Na kuma gaya mata abin da idona ya gani a daren da na kwana jinya a asibitin Shika. Likita ya zo ya ɗanɗana miya, ya ce a ƙara kaza a rage kaza, ya wuce wani ɗakin. Nas ce ta zauna bakin murhu tana iza wuta. Wajen ƙarfe biyu na dare na ga ta durƙusa da 'yar fitila tana laluben jijiya a hannun wani yaro da zawo ya tsotse, tana lallashinsa da murya ƙasa-ƙasa, har ruwa ya fara ɗiga.

Yarinyar ta yi shiru, can ta ce ta ji, kuma tana so. Washegari muka je ta yi rajistar sake zaman jarrabawa. Ku kuma da 'ya'yanku ke shirin shiga aji huɗu, maza da mata, ku je makarantar da ƙafarku ku ga ajin da aka sa su.